Juma'a Biyu a Hajj Yusuf

Shekara tara ina zuwa Sudan saro kaya kafin na gane ban san Hartum ba. Abin da na sani shi ne filin jirgi, gidan Baffa a Hajj Yusuf, sai layin masu turare a kasuwar Umdurman. In sauka, in sayi humra da dilka da sandal da laffaya, a ɗaure min, kwana huɗu na juyo Kano. Kogin Nilu ma ta tagar mota nake ganinsa, ina lissafi a zuci. Na san da yawa daga cikinmu haka muke da Alƙahira ko Dubai ko Kwatano. Mun san ƙofar kasuwa, ba mu san gari ba. Yaranmu kuwa iyakar saninsu da garin ita ce tsaraba.

Baffa ne ya tayar da maganar. Mahaifinsa ƙanin kakana ne na wajen uba. Tun yana saurayi ya tashi aikin hajji ta ƙasa, ya bi hanyar da dubban mutanenmu suka bi: Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Abeshe, Junaina, Fashir, har Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Guzuri ya ƙare, ya tsaya tsintar auduga a gonakin Jazira, waɗanda suka bunƙasa bayan gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925. Daga baya ya ƙetare teku ya sauke farali, ya dawo, amma ƙafarsa ba ta wuce Sudan ba. A can aka haifi Baffa. Bai taɓa taka Kano ba, amma ya san sunan unguwarmu, ya san a wane ɓangaren gidan rijiya take.

Wata rana ina sallamarsa zan tafi filin jirgi sai ya ce, "'Yata, kina zuwa, na gode. To in na mutu, ke ma kika mutu, wa ya san wani? Kawo min yaran nan in gan su, su ga 'yan uwansu."

Maganar ta bi ni har gida. Muka yi shawara da Abbansu, muka tsayar da hutun ƙarshen shekarar 2017.

Shiri tun daga gida

Yarana uku ne. Na farin, wanda ba na faɗin sunansa, yana da shekara 16 a lokacin. Mai bi masa mace ce, 14. Sai Auta mai 7. Auta ba shi da matsala, ko kasuwar Rimi ka ce za ka kai shi murna zai yi. Manyan biyun ne aiki. Da na faɗa musu, budurwar ta tura baki ta ce, "Umma, ƙawayena Dubai ake kai su." Yayanta kuwa tambaya ɗaya ya yi: akwai intanet?

Na so in yi faɗa. Abbansu ya hana ni, ya ce yaron da ya fara tsayin ubansa ba a jan sa kamar akuya zuwa kasuwa, sai dai a ba shi igiyar ya riƙe. Sai muka raba aiki. Saurayin aka ba shi hanya: ya nemo taswirar garin, ya san gadoji, ya tsara abin da za a yi kowace rana. Budurwar aka ba ta jaka da ɗan littafi: duk abin da aka kashe na mota da abinci da shiga wuri, ita za ta biya ta rubuta. Kowannensu kuma aka ba shi yini guda nasa na kansa, inda ya ce a je nan za a je, babu gardama ko daga ni.

Cikin mako guda gidan ya canza. Wanda ke tambayar intanet ya zo yana min bayani cewa Hartum gari uku ne a haɗe: Hartum ɗin kanta tsakanin koguna biyu, Umdurman a yamma, Bahri a arewa, Hajj Yusuf kuma tana gabas da Bahri, a yankin da suke kira Sharƙ an-Nil. Ni da na shekara tara ina kwana a wurin, ɗana ne ya nuna min inda nake kwana. Shi ne kuma ya gano cewa abubuwa biyu da ake son gani duk ranar Juma'a da yamma ake yin su, ɗaya a Hajj Yusuf ɗaya a Umdurman, ba yadda za a haɗa su rana ɗaya. Da kwana bakwai muka yi niyya. Saboda wannan muka mayar da shi goma, don mu samu Juma'a biyu.

Sauran shirin na manya ne. Biza da katin rigakafin shawara na kowa. Rajistar baƙi cikin kwana 3 da sauka, wadda doka ce a lokacin. Kuɗi a hannu, dala, domin duk da Amurka ta ɗage takunkuminta a Oktoban shekarar, katin bankin waje ba ya aiki. Lokacin ma ba a banza muka zaɓe shi ba. Disamba da Janairu ne sanyin Hartum. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura maki 40, ga guguwar ƙura da suke kira habub. Wanda ya kai yara a wannan lokacin zaman ɗaki ya kai su. Na ƙarshe, na rubuta wa kowa a takarda, da Larabci, sunan unguwa da lambar murabba'i, wato rukunin gidajen, da lambar wayar gidan. Waya tana mutuwa, takarda ba ta neman caji.

Unguwar

Ƙasa da awa huɗu jirgi ya ɗauka daga Kano. Na ce wa yaran kakan-kakansu shekaru ya yi a kan wannan hanyar.

Hajj Yusuf ba wurin da ake sa wa a hoton talla ba ne. Unguwa ce shimfiɗaɗɗiya mai faɗin gaske, gidaje na bulo ja da na ƙasa, tituna masu ƙura, raksha, wato keke mai ƙafa uku irin namu, na kai da kawowa. A bakin ƙofofi za ka ga randunan ruwa a jere a inuwa, sadaka ga mai wucewa. Kowace kusurwar Sudan tana da wakili a nan: mutanen tsaunukan Nuba, na Darfur, na Kudu, Larabawan bakin kogi, da namu. Budurwar ta leƙa ta taga ta ce, "Umma, wannan ai Kurna ce." Ban ce mata komai ba.

A gidan aka tarbe mu da kuka da dariya. Matar Baffa, wadda jikokinta ke kira Habboba, ta rungume yaran tana shinshina kansu. Aka kai maza diwan, ɗakin baƙi na waje, mu muka shiga ciki. Gadajen igiya da ake kira angareb ne a ko'ina, a ɗaki da tsakar gida, a kansu ake zama, a kansu ake kwana.

Darasi na farko yunwa ce ta koyar da shi. Da safe shayi da madara kawai aka kawo da ɗan zalabiya. Karin kumallo na gaske, fatur, sai wajen ƙarfe sha ɗaya: babban faranti na ful, wake ne da man riɗi da cuku, ga ta'amiya mai kama da ƙosai, ga burodi. Yaro mai shekara 16 ba ya jiran sha ɗaya. Daga rana ta biyu sai da na riƙa ɓoye masa burodi da dabino. Duk mai tafiya da matasa ya tambayi lokacin cin abincin garin kafin ya tambayi kuɗin masauki.

Darasi na biyu na mai riƙe jaka ne. Ta je kanti da 'yar uwarta, mai kanti ya ce mata "alif", dubu ke nan, a kan abin da bai wuce alawa ba. Ta dawo a guje wai za a cuce ta. Ashe mutanen Sudan da tsohon kuɗi suke lissafi a baki: in sun ce dubu, fam ɗaya suke nufi, in sun ce miliyan, fam dubu. Ni na san wannan tuntuni, amma na bar ta ta gano da kanta. Kafin kwana uku ta fi ni iya ciniki.

Saurayin kuwa da Larabcin Islamiyya ya zo, yana jera kalmomi da wasullansu, mutane na murmushi suna kiransa "ya ustaz". A motar haya ya koyi cewa kwandasta, wanda suke kira kumsari, ba ya ihu. Yatsu yake ƙyastawa in yana neman kuɗi, kai ma yatsu za ka ƙyasta in za ka sauka.

A cikin irin wannan motar ne abin da ya tsaya min a rai ya faru. Muna hanyar Suƙ Arabi, mun wuce Hillat Kuku za mu hau gadar Kobar, ɗana yana ta zuba Hausa da ƙarfi irin na Kano. Jikan Baffa, sa'ansa, sai ya taɓa shi ya ce a hankali, "Bari sai mun sauka." Ya juya ya ci gaba da magana da Larabci. Da dare ɗana ya same ni ransa a ɓace. "Umma, kunyar mu yake ji?"

Na ce ya je ya tambayi kakansa. Baffa ya zaunar da su biyun a kan angareb. Ya gaya musu cewa a nan ana haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare a kira su Fallata ko Takari, kuma akwai bakin da kalmar ke fita da raini. Yaron da aka haifa a nan, aka haifi ubansa da kakansa a nan, har yau wani zai tambaye shi daga ina ya zo. Sannan ya ba su labarin Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi hijira zuwa gabas da Turawa suka ci Sakkwato, aka kashe shi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Maiwurno yake har gobe. Ya ce da su, "Kai kada ka ga laifinsa, ba ka sha abin da ya sha ba. Kai kuma ka ɗaga kanka. Naman da duk Hartum ke layi a kansa da yamma, wa ya kawo shi?"

Agashe yake nufi. Tsire ne, da ƙulinsa da yajinsa, sunan ma daga bakin mutanenmu ya fito. A daren suka fita su biyu suka sayo.

Juma'ar farko

Wannan ce ranar saurayin, kuma kokawa ya zaɓa. A Hajj Yusuf ɗin, kusa da Suƙ Sitta, akwai filin da 'yan kokawar Nuba ke karawa duk Juma'a bayan la'asar. Ni ban je ba, mu mata muna gida ana zana mana lalle. Abbansu ne ya ba ni labari, na kuma ga sauran a waya. Da'ira ce ta yashi, jama'a maƙil a kewaye. 'Yan kokawar na shafa ƙasa a hannu da jiki, su sunkuya suna zagaya juna, kowa na neman ƙafar wani. Wanda ya kai abokinsa ƙasa sai a ɗaga shi a kafaɗa a zagaya da shi, 'yan kallo na manna masa kuɗi a goshi, kamar dai liƙin gida.

Abbansu ya ce ana cikin wata karawa mai zafi sai ya ji wani na ihu a bayansa, "Kama ƙafar! Kayar da shi!" Ya waiga. Jikan Baffa ne, a tsaye, a tsakiyar taro, da Hausa. Ɗana na gefensa yana dukan kafaɗarsa.

Kogi da tarihi

Mun ware yini guda don tsakiyar gari. Muka je Mugran, inda Farin Nilu da ya taso daga wajen tafkin Victoria yake haɗuwa da Shuɗin Nilu da ya gangaro daga tafkin Tana na Habasha. Muka shiga ƙaramin jirgin ruwa ya zaga da mu gefen tsibirin Tuti. Ruwan biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya fari-fari, ɗaya mai duhu, kafin su gauraye. Na gargaɗi yaran tun a gida cewa ba a ɗaukar hoton gada ko wurin sojoji, don haka wayoyi suka koma aljihu duk lokacin da muka kusanci gada.

Kusa da nan ne Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka buɗe a 1971. A harabarsa akwai ɗakunan bauta na zamanin Fir'auna da aka kwance dutse-dutse daga arewacin ƙasar aka sake ginawa a nan, don kada ruwan madatsar Aswan ya shanye su. Na yi zaton yaran za su gaji. Ni ce na gaji. Kuskuren da na yi shi ne na so a ƙara da wani wurin a ranar. Abbansu ya ce a'a, wuri babba ɗaya ya isa yini, sauran lokacin a bar wa gari. Muka zauna a Titin Nilu wajen wata mai shayi, a kan 'yan kujerunta, aka kawo jabana, gahawa mai citta, ga turaren wuta na tashi a kasko. Yaran suka sha karkade da aradeb suna dariya, wai an yi musu wayo, zoɓo ne da tsamiya.

Ranar budurwar na tabbata Afra Mall za ta ce, babban kantin zamani da 'yan matan gidan ke ta ba ta labari. Mun je ɗin, awa ɗaya ta ce ya isa. Abin da ta zaɓa a matsayin yininta shi ne in kai ta inda nake sarin kaya. Muka bi ta Bahri muka haye gadar Shambat zuwa Umdurman. Ta ga buhunan itacen ɗalha da mata ke turara jiki da shi, ta ga mahlab da sandal, ta ga yadda ake gane humra mai kyau da wadda aka tsinka. Ta tsaya tana kallona ina ciniki da Larabcina na kasuwa. A hanyar dawowa ta ce, "Umma, ashe haka kike wahala." Shekara goma sha huɗu tana cin kuɗin turare, ranar ta san ƙamshinsa.

Kafin mu bar Umdurman muka tsaya a ƙubbar Mahadi da gidan Halifa Abdullahi da ke kusa da ita, wanda aka mayar gidan tarihi. Mahadi ya ci Hartum a Janairun 1885, ya rasu a Yunin shekarar. Turawan Ingila suka karya daular a yaƙin Karari a 1898, suka rusa ƙubbar, sai a 1947 aka sake gina ta. A lokacin, a ciki akwai takubba da bindigogi da riguna masu faci irin na mabiyansa. Abbansu ya gaya wa yaran cewa Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi musayar wasiƙu da Mahadin nan. Ɗana ya ce a makaranta an koya musu tarihin Sakkwato, amma ba wanda ya ce musu igiyarsa ta kai har nan.

Juma'a ta biyu

Ita ce ta Baffa. Duk da ciwon gwiwa ya ce shi zai kai mu Hamad an-Nil, maƙabarta ce a Umdurman inda ƙubbar shehin Ƙadiriyya mai wannan suna take. Kafin faɗuwar rana mabiya ke taruwa su yi babbar da'ira, da tutoci da ganguna, wasu cikin riguna kore da ja, ana zikiri, mai kaskon turare na zagayawa. Duk wanda ya taɓa ganin maukibin Ƙadiriyya a Kano ba zai ji baƙunta ba. Ana kiran magariba komai ya tsaya. Na hango Baffa a sahu, jikansa a dama, ɗana a hagu, sun riƙe shi.

Abin da ya biyo baya

Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum tsakanin soja da dakarun RSF. Kowa ya ga yadda aka kwaso ɗalibanmu a motoci zuwa iyakar Masar da Port Sudan. Su Baffa ba su da ƙasar da za ta aiko musu mota, can ne gida. Gadar Shambat da muka haye ta karye a Nuwamban shekarar. Gidan tarihin da yarana suka ƙi fita daga cikinsa an wawashe shi.

Lambar Baffa ita kaɗai nake da ita, kuma ta daina shiga. Kwana da kwanaki ba na barci. Budurwar nan da ta so Dubai ita ta samo su. Ashe duk shekarun nan suna hira da 'yan uwanta a WhatsApp, tana da lambar mutum shida a gidan. Ta hanyarta muka san sun fita zuwa Wad Madani, da can ma ya faɗi a Disamba suka wuce Gadarif. Yayanta kuwa shi ya nemo hanyar aika musu ɗan abin da ya sawwaƙa, shi da wancan jikan da ya taɓa ce masa "bari sai mun sauka". A Gadarif Allah ya yi wa Baffa rasuwa. Ba ni aka kira ba. Ɗana aka kira, shi ya shigo ɗaki ya zauna a gabana ya faɗa min.

Soja sun karɓe Hartum a Maris ɗin 2025, wasu sun fara komawa gidajensu. Ba na ce wa kowa ya ɗauki yara ya nufi can yanzu ba, wannan sai da shawarar waɗanda ke ciki. Amma kusan kowane ɗan kasuwa a cikinmu yana da nasa Hajj Yusuf ɗin, a Kumasi ko Abidjan ko Jidda ko Agege, da tsohon da ke cewa a kawo masa yara. Kuɗin tafiyarmu ya ci ribar sari biyu, har yau lissafin na nan a littafin 'yata, fam da fam. Da na ce sai kasuwa ta gyaru, da yanzu ba wanda ya san wani.

Ku kai su tun tsofaffin na da rai. Ku ba su aikin yi a tafiyar, ku bar musu yininsu, ku rage yawan wuraren zuwa, ku bar su su zauna da sa'o'insu ba tare da kun tsaya a kansu ba. Zumunta a ƙafa take, ƙafar kuma ba tamu ce za ta daɗe ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar da kowa ɗakinsa.